MAI GAYAUNA DA MAGANAR ƘOFAR GIDA: Tarihin Majalisar Sikotland da Dokokin Ƙetare

Yau za mu ɗan jingine ƙagaggen labari gefe guda mu leƙa tarihi, domin masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Ƙasar da za mu leƙa kuwa ita ce Sikotland, wadda ke arewacin tsibirin Birtaniya, mai mutane kimanin miliyan 5 da rabi. Tambayar da nake so mu bi diddiginta ita ce: majalisar da aka ba ta ikon yin doka a cikin gida, aka kuma ce babu ruwanta da harkar ƙasashen waje, yaya take yi idan alkawarin da aka ƙulla a waje ya biyo ta har tsakar ɗaki?

Duk wanda ya san gidan gandu ba zai sha wahalar gane wannan magana ba. A gandu maigida ne ke zuwa gaban dagaci, shi ke karɓar baƙi, shi ke cin bashi da sunan gida. Ɗa ko ƙane kuwa sai a yanka masa gayauna a ce wannan taka ce, shuka abin da ka ga dama. To amma ranar da maigida ya fita ƙofar gida ya yi wa wani alkawarin ba za a ƙara shuka gyaɗa a gonakin gidan ba, mai gayauna ba a ji ta bakinsa ba, kuma shi ne zai sunkuya ya tuge tasa gyaɗar. Kusan haka zaman Majalisar Sikotland da gwamnatin Landan yake.

YADDA AKA RUFE TA DA YADDA AKA BUƊE TA

Asali Sikotland ƙasa ce mai sarkinta da majalisarta. A 1603 sarkinta James ya gaji sarautar Ingila, ƙasashen biyu suka zama ƙarƙashin sarki ɗaya, amma kowace da majalisarta. Tsakanin 1698 da 1700 mutanen Sikotland suka tara dukiya mai yawa suka tafi kafa mazauni na kasuwanci a Dariyen, cikin ƙasar Panama ta yau. Zazzaɓi da yunwa da sojojin Sifaniya suka taru suka wargaza su, Ingila kuma ta naɗe hannu domin ba ta son ɓata wa Sifaniya. Asarar ta karya manyan ƙasar, tana kuma cikin dalilan da suka sa a 1707 suka yarda a haɗe majalisun biyu a Landan. An bar musu tsarin shari'arsu da cocinsu, amma bakin magana da duniya ya koma Wesminsta, wato mazaunin majalisar Birtaniya.

Haka aka zauna kusan shekara 300. A 1979 an yi ƙuri'ar raba gardama kan maido da majalisa, masu so suka ɗan rinjaya, sai dai ba su cika sharaɗin kashi 40 cikin 100 na dukkan masu rajista ba, magana ta mutu. Sai ranar 11 ga Satumba 1997, zamanin Tony Blair, aka sake jefa ƙuri'a, inda kashi 74 cikin 100 suka ce suna so. Aka yi Dokar Sikotland ta 1998, aka zaɓi wakilai 129, suka yi zaman farko a birnin Edinbura ranar 12 ga Mayu 1999. Dattijuwa Winnie Ewing, wadda ta girme su duka, ita ta jagoranci zaman, ta kuma shelanta cewa majalisar nan da ta ɗage zamanta ranar 25 ga Maris 1707, yau ta dawo ta ci gaba. Donald Dewar ne ya zama Ministan Farko, wato shugaban gwamnatin yankin.

KAYA A KANKA, IGIYA A HANNUN WANI

Dokar ta 1998 ta jera abubuwan da Landan ta riƙe, ta ce duk abin da ba ya cikin jerin na Edinbura ne. Lafiya, ilimi, kotuna, 'yan sanda, noma, kamun kifi da muhalli duk suka faɗo wa sabuwar majalisa. Tsaro da harkokin waje kuwa, har da hulɗa da Tarayyar Turai, suna cikin jerin Landan.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun 1 ga Janairu 1973 Birtaniya ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai, kuma a wancan lokaci dokokin da ake yi a hedikwatar ƙungiyar, birnin Burasels na ƙasar Beljiyam, suna sama da dokar cikin gida. Fannonin da dokokin Turai suka fi yawa a cikinsu kuwa su ne noma da kamun kifi da muhalli, wato ainihin abubuwan da aka ce an bar wa Sikotland. Dokar ta 1998 ta ce ƙulla yarjejeniya aikin Landan ne, amma aiwatar da ita a fannonin da aka miƙa aikin Edinbura ne. Sashe na 29 ya ƙara da cewa duk dokar da majalisar ta yi wadda ta ci karo da dokar Turai, ko da yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, to ba doka ba ce ko kaɗan, kamar ba a yi ta ba. Mai karatu ya lura: kaya a kan Edinbura, igiyar ɗaure kayan a hannun Landan.

KWAMITIN TURAI

Waɗanda suka tsara majalisar sun hango wannan, shi ya sa suka sanya Kwamitin Turai cikin kwamitocin da dole ne a kafa su a kowane zango. A farkon lamari aikin kwamitin tankaɗe da rairaya ne. Takardu ɗaruruwa ke zuwa daga Burasels a kowace shekara, kowace da bayanin gwamnatin Birtaniya a kanta, 'yan kwamitin su zauna su ware wadda ta shafi Sikotland da wadda ba ta shafe ta ba. Ba a daɗe ba suka gane ihu suke yi bayan hari. Kafin takarda ta iso gabansu an daɗe da dafa maganar a Burasels, Landan ma ta riga ta tsayar da matsayinta.

Matsala ta biyu ita ce sirri. Akwai takardun fahimtar juna da gwamnatocin biyu suka amince da su a 1999, waɗanda suka ba ministocin Sikotland damar faɗin ra'ayinsu kafin Birtaniya ta tafi teburin Turai, bisa sharaɗin abin da aka tattauna ya tsaya a tsakaninsu. Saboda haka ɗan majalisa zai tambayi ministansa, "Me ka nema mana a Landan, me aka ba ka?" Minista ya ce maganar cikin ɗaki ce. Ta yaya za ka auna ƙoƙarin ɗan aike alhali ba ka san abin da ya faɗa a inda ka aike shi ba?

Matsala ta uku, a wancan lokaci majalisar Landan tana da wata ƙa'ida da ta hana minista amincewa da sabuwar dokar Turai matuƙar kwamitinta bai gama dubawa ba. Majalisar Edinbura ba ta da irin wannan linzami, domin wanda ke ɗaga hannu a Burasels ba ministanta ba ne.

Da suka ga haka sai suka sauya dabara, suka koma ga karin maganar nan da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 2003 aka faɗaɗa kwamitin ya haɗa da hulɗar waje baki ɗaya. A 2005 majalisar ta ajiye jami'inta a Burasels, aikinsa ya kasa kunne ya aiko da labarin abin da ake shirin yi tun yana kan wuta. Kwamitin ya rage bin takardu ɗaya bayan ɗaya, ya koma duba jadawalin ayyukan da Hukumar Turai ke fitarwa kowace shekara, ya zaɓi 'yan kaɗan da za su taɓa Sikotland ya bi su sau da ƙafa. Da Yarjejeniyar Lisbon ta fara aiki a ƙarshen 2009, ta ba majalisun ƙasashe mako 8 su yi ƙorafi idan suna ganin Burasels ta shiga gonar da ba tata ba. Sai dai majalisun yankuna ba su da ƙuri'a a wannan tsari, abin da za su iya kawai shi ne su aika ra'ayinsu ga majalisar ƙasa, ita kuma ta ga damar ɗauka ko bari. Duk da haka Edinbura ta sa kwamitocinta na fannoni kowane ya ware mutum ɗaya da zai riƙa sa ido kan maganar Turai.

Babu inda ciwon ya fi fitowa kamar kamun kifi. Mafi yawan kifin da jiragen Birtaniya ke kamawa na masuntan Sikotland ne, kuma garin Peterhead shi ne babbar tashar kifi ta ƙasar. Amma a wancan lokaci adadin da za a kama a shekara a Burasels ake yanke shi. A Nuwamba 2014 ministan Birtaniya mai kula da kifi bai samu zuwa wani taro ba. Richard Lochhead, ministan Sikotland da ya riƙe wannan fanni tun 2007, ya nemi a bar shi ya yi magana da yawun ƙasa. Landan ta ƙi, ta aika wani ɗan Majalisar Dattawa, Lord de Mauley, wanda ba zaɓarsa aka yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ranar nan mai ɗaki a kujerar baya ya zauna.

IDAN DOKAR SAMA TA BIYO TA KOTU

Misali biyu za su nuna nauyin sashe na 29. Na farko maganar giya ce. Shaye-shaye ya daɗe yana kashe mutane a Sikotland, sai majalisar ta yi doka a 2012 ta ƙayyade farashin da ba za a sayar da barasa ƙasa da shi ba, don a rage arharta. Ƙungiyar masu sarrafa wiski ta garzaya kotu ta ce dokar ta saɓa wa 'yancin ciniki na Turai. Magana ta kai Kotun Turai da ke Luksambag, wadda a Disamba 2015 ta ce dokar za ta iya zama saɓani idan har ƙarin haraji zai biya buƙata, ta maido wa kotunan gida su auna. Abin dariya abin takaici, harajin giya yana hannun Landan, wato maganin da aka nuna musu ba ya cikin aljihunsu. Sai a Nuwamba 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba su gaskiya, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Mayu 2018. Kusan shekara 6 doka tana kwance.

Na biyu ya shafi 'yan sanda. A da suna iya tsare wanda ake zargi har awa 6 suna yi masa tambayoyi ba tare da lauya ba. A 2008 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wadda ke Sitirasbog a Faransa kuma ba ta cikin tsarin Tarayyar Turai, ta yanke hukunci a wata ƙara daga Turkiyya cewa dole a ba wanda ake tuhuma lauya tun a ofishin 'yan sanda. Ranar 26 ga Oktoba 2010 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce wannan hukunci ya hau kan Sikotland. Washegari majalisar ta zauna ta yi dokar gaggawa cikin yini ɗaya, ɗaruruwan ƙararraki kuma suka rushe. An samu shekara biyu tsakanin hukuncin Sitirasbog da na Landan, lokacin da ya isa a gyara doka cikin natsuwa. Wanda bai ji gangar nesa ba, ta kusa ce za ta tashe shi daga barci.

RANAR DA HARKAR WAJE TA SHIGO TA TAGA

Yanzu bari mu zo ga labarin da yawancinmu muka ji a rediyo. Ranar 21 ga Disamba 1988 wani jirgin saman Amurka ya tarwatse a saman garin Lokabi na Sikotland, mutum 270 suka mutu, 189 daga cikinsu Amurkawa. A 2001 alƙalan Sikotland da suka zauna a ƙasar Holan suka samu wani ɗan Libiya, Abdulbasit al-Megrahi, da laifi, aka kai shi kurkuku a Sikotland.

A Mayu 2007 Tony Blair ya gana da Kanar Gaddafi a garin Sirte, aka sa hannu kan takardar da ta haɗa da shirin musayar fursunoni. Kurkuku da shari'a hurumin Edinbura ne, amma ba a shawarce ta ba. Alex Salmond, wanda bai cika wata guda da zama Ministan Farko ba, ya tashi a gaban majalisa ya bayyana wa duniya abin da aka yi a bayan idonsu. Shekara biyu bayan haka Libiya ta nemi a miƙa mata mutuminta, sannan shi kansa ya nemi sassauci saboda cutar daji, aka kuma ƙiyasta bai fi wata 3 ya rage masa ba. Ministan shari'a na Sikotland, Kenny MacAskill, ya ƙi amincewa da musayar, amma ya sake shi bisa jin ƙai ranar 20 ga Agusta 2009.

Nan fa ƙura ta tashi. Shugaba Obama ya ce an yi kuskure, iyalan mamata a Amurka suka fusata, a filin jirgin Tarabulus kuwa har da tutocin Sikotland aka tarbe shi. Hukuncin da a takarda maganar kurkuku ce zalla ya zama rikicin ƙasa da ƙasa. Aka katse wa 'yan majalisa hutu, suka dawo ranar 24 ga Agusta, minista ya tsaya yana amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ranar 2 ga Satumba suka kaɗa ƙuri'a, 73 suka soki yadda ya tafiyar da lamarin, 50 suka goyi bayansa. Ƙuri'ar ba ta maido da fursuna ba, wanda ya rayu har Mayu 2012, amma ƙurar da ta tashi ta sa gwamnati ta fito da takardu, kwamitin shari'a kuma ya yi nasa binciken. A 2010 da wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya gayyaci MacAskill ya je ya yi bayani, gwamnatin Sikotland ta ƙi, ta ce ministocinta a gaban majalisar Edinbura suke amsa tambaya. A ganina wannan amsa ita ce babbar shaidar cewa majalisar ta zama majalisa.

KALMA ƊAYA DA TA RUSHE ALKAWARI

Tun ana muhawarar dokar 1998, wani minista mai suna Lord Sewel ya yi alkawarin cewa Wesminsta ba za ta yi doka a fannonin da ta miƙa ba sai da yardar majalisar Sikotland. Sai dai ya saka wata 'yar kalma ta Turanci mai ma'anar "a bisa yadda aka saba". Shekaru da dama alkawarin yana aiki lami lafiya, har a 2016 aka rubuta shi cikin doka, bayan ƙuri'ar ɓallewa ta 2014 wadda kashi 55 cikin 100 suka zaɓi ci gaba da zama a Birtaniya.

Sai ga ƙuri'ar 23 ga Yuni 2016. Birtaniya baki ɗaya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai da kusan kashi 52 cikin 100, Sikotland kuwa kashi 62 suka ce a zauna, kuma babu ko ɗaya cikin ƙananan hukumominta 32 da ta zaɓi fita. A Janairu 2017 Kotun Ƙoli ta ce alkawarin Sewel al'ada ce ta siyasa, kotu ba za ta tilasta wa kowa cika shi ba, ko da an rubuta shi. A Fabrairu majalisar Edinbura ta ƙi amincewa da fara shirin ficewa da ƙuri'a 90 da 34, a Landan ma cikin wakilan Sikotland 59 mutum ɗaya tak ya goyi baya. Aka ci gaba. Ranar 15 ga Mayu 2018 ta ƙi ba da yardarta ga babbar dokar ficewa da ƙuri'a 93 da 30, domin dokar ta ba Landan damar riƙe wasu iko da za su dawo daga Burasels a fannonin Sikotland. Wesminsta ta zartar da dokar duk da haka, wanda shi ne karo na farko da aka tsallake ƙin yardarta. Hujjar Landan ita ce wannan lokaci ba irin wanda aka saba ba ne. Ka ji aikin 'yar kalmar nan.

Edinbura ta yi tata dokar ficewar, aka kai ta Kotun Ƙoli. Kafin a yanke hukunci a Disamba 2018, dokar Landan ta riga ta fara aiki ta kuma toshe hanya, sai kotu ta ce yawancin ƙudirin yana cikin hurumi ranar da aka zartar da shi, amma yanzu manyan sassansa sun faɗi. A Janairu 2020 majalisun Sikotland da Wels da Ailan ta Arewa duka uku suka ƙi amincewa da dokar yarjejeniyar ficewa, ba a fasa ba. Ranar 31 ga watan Birtaniya ta fita. Abin da majalisar ta iya yi a makon shi ne ƙuri'ar barin tutar Turai ta ci gaba da kaɗawa a ƙofar gininta.

Ficewar ta cire sharaɗin bin dokar Tarayyar Turai daga sashe na 29, amma an kwance igiya ɗaya an ɗaura wata. Dokar Kasuwar Cikin Gida ta 2020, wadda ita ma aka yi ba da yardar Edinbura ba, ta ce kayan da aka halatta sayarwa a wani yanki na Birtaniya dole a bari a sayar da su a sauran. A 2023 ita ta kwantar da shirin Sikotland na biyan kuɗi ga mai maido da kwalba da gwangwani, bayan Landan ta ce sai dai a cire kwalabe daga ciki. A ɗaya ɓangaren kuma majalisar ta yi doka a 2021 da ta ba ministocinta damar bin sawun sababbin dokokin Turai idan sun ga dama, kwamitin kuma ya sa aka riƙa haɗa masa rahoton sauye-sauyen dokokin Burasels don ya san abin da aka bi da abin da aka bari. A zauren da 'yan majalisun Birtaniya da na Turai ke haɗuwa kan sabuwar yarjejeniyar ciniki, kujerar 'yan kallo aka ba wakilan Edinbura.

WANI GIDAN, WANI TSARIN

Don mai karatu ya ga cewa ba ko'ina haka abin yake ba, mu tsallaka Beljiyam. A can tsarin mulki ya ba yankuna ikon ƙulla yarjejeniya a fannoninsu, gwamnatin tarayya kuma ba za ta sa hannu kan abin da ya shafe su ba sai sun yarda. A Oktoba 2016 Tarayyar Turai da Kanada sun gama shirin sa hannu kan wata babbar yarjejeniyar ciniki da aka shafe shekaru ana tattaunawa. Majalisar yankin Waloniya, mai mutane kimanin miliyan 3 da rabi, wadda ta daɗe tana gayyatar masana da manoma tana sauraren su kan yarjejeniyar, ta ce ba ta yarda ba, musamman saboda manomanta da kuma kotun musamman da aka tanadar wa manyan kamfanoni. Shugaban yankin, Paul Magnette, ya tsaya kan bakansa, ministar cinikin Kanada ta fice daga tattaunawa ranta a ɓace, aka ɗage bikin da aka shirya ranar 27 ga Oktoba. Sai da aka ba su tabbaci a rubuce, Beljiyam kuma ta yi alkawarin kai maganar kotun kamfanonin gaban Kotun Turai, sannan aka sa hannu ranar 30 ga watan. Waloniya ba ta kai Sikotland yawan jama'a ba. Bambancin shi ne ƙin yardarta yana cikin tsarin mulki, na Sikotland kuwa alkawarin baki ne da aka yi wa ado da tawada.

INDA ABIN YA TAƁO MU

Akwai wata yarjejeniya da ta haɗa mu da su. A 1991 Birtaniya da Nijeriya duka suka amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara. A Maris 2021 majalisar Sikotland gaba ɗayanta ta amince a shigar da ita cikin dokar yankin, Kotun Ƙoli ta ce wasu sassan sun taɓa ikon Wesminsta, aka rage su, dokar ta fara aiki a Yuli 2024. A Nijeriya kuwa Majalisar Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, amma sai kowace jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta, kuma jihohin Arewa da dama sun ɗauki shekaru suna muhawara, musamman kan shekarun aure. Kano sai a 2023 aka sa wa tata hannu. A can majalisar yanki ce ke gaba ana riƙe ta, a nan kuma majalisun jihohi ne suka ce a dakata su duba. Ko'ina dai yarjejeniyar da aka sa wa hannu a nesa sai da ta ratsa ta ƙaramar majalisa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne sashe na 12 na tsarin mulkin 1999. Ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma idan ta shafi abin da ba ya cikin jerin ikon tarayya zalla, ba za a kai wa shugaban ƙasa ƙudirin ba sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince. Wato a rubuce majalisun jihohinmu suna riƙe da abin da Edinbura ta nema ta rasa. Tambayar da ya kamata kowa ya yi wa wakilinsa idan ya zo neman ƙuri'a ita ce: yarjejeniya nawa ka taɓa karantawa, kuma wa kuka ajiye da zai faɗa muku abin da ake ƙullawa tun kafin a ƙulla?

Abin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, majalisar Sikotland ba ta taɓa hana Landan yin abin da ta yi niyya a harkar waje ba, amma kuma ba a banza take zama ba. Ta koyi neman labari da wuri, ta tilasta wa ministocinta tsayawa su yi bayani a bainar jama'a, kuma duk ranar da aka tsallake ta sai da ta rubuta ƙin yardarta da adadin ƙuri'u, yadda babu wanda zai zo gobe ya ce da yardarsu aka yi. Waɗannan alƙaluma su ne masu neman ɓallewa ke kafa hujja da su, su ne kuma masu son a zauna tare ke nunawa idan suna neman a gyara tsarin. Mai gayauna ba shi ke magana a ƙofar gida ba, amma idan yana da kunne da baki, maigida zai yi tunani sau biyu kafin ya yi alkawari da gyaɗar wani.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tuntuɓa kafin su ƙulla, da wakilai masu karatu kafin su ɗaga hannu, amin.